Wikki, Ikogosi ko Wurin Wasan Ruwa a Abuja: Ina Basakkwace Zai Kai Iyalinsa?

Ranar da na gaya wa mahaifiyata zan kai jikokinta wankan ruwan ɗumi a Bauchi, sai ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce, "Kai ɗan nan, mi ad daɗi ga ruwan ɗumi? Na tankinmu bai ishe ka ba?" Tana da gaskiya. Duk wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a watan Afirilu a Mabera ko Arkilla cikin garin Sakkwato ya san ruwan da ke saukowa daga tanki ba a yi wa jinjiri wanka da shi sai an sirka. A wurinmu ɗumi ba abin marmari ba ne. Sanyi muke nema, inuwa muke nema. Duk da haka na lallaɓa ta muka tafi tare, kuma tafiyar nan ce ta koya mini yadda ake auna irin waɗannan wurare.

A 'yan shekarun nan na kai iyalina wurare uku: maɓuɓɓugar Wikki da ke cikin dajin Yankari a Jihar Bauchi, maɓuɓɓugar Ikogosi a Jihar Ekiti, da wani wurin wasan ruwa na zamani a Abuja. Abokan aiki da 'yan'uwa kan tambaye ni wanne ya fi. Kafin in ba da amsa nakan mayar musu da tambaya: a cikin waɗanda za ka ɗauka, su wa za su shiga ruwan? Mu magidanta mukan yi lissafin mai, da masauki, da kuɗin ƙofa, mu manta da wannan. Sai an isa ka tarar yara suna ta fantsama, kai kana ɗaukar hoto, uwar yaran kuwa tana zaune a gefe da jakunkuna a cinya har la'asar. Ta biya wahalar hanya daidai da kowa, ta dawo gida ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. Ni a wurina wurin da ya dace da iyali shi ne wanda uwa da kaka za su sami rabonsu ba tare da sun ajiye kunyarsu a bakin ƙofa ba. Da wannan mudun na auna duka ukun.

Bari in fara da Wikki, domin a nan maganar ta fi yawa. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi, ya malala cikin kwari tsawon kimanin mita 200, faɗinsa kimanin mita 13, itatuwa sun yi masa rumfa ta kowane gefe. Ƙasansa yashi ne, kuma garai-garai yake, in ka tsaya kana ganin farcen ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne da 'yan kai, dare da rana, rani da damina. Dalili shi ne ruwan sama ne da ya nitse can cikin ƙasa ta cikin duwatsu, ya ɗauki zafin da ke can ƙasa, sannan ya sami kafa ya dawo sama. Abin da ke faruwa a sararin sama bai shafe shi ba. Kuma ba kwantaccen ruwa ba ne: kimanin lita miliyan 21 ke fita kowace rana su gangara kogin Gaji, saboda haka wanda ka shiga da safe ba shi za ka tarar da yamma ba.

Digiri 31 bai kai zafin jikin ɗan Adam ba, wanda yake 37. Wannan shi ne amsar tambayar Inna. In ka je a watan Maris, lokacin da iska ta fi ruwan zafi, sanyi-sanyi za ka ji shi. In ka je a Disamba ko Janairu, da asuba, lokacin da leɓe ke tsagewa kuma yaro ke gudun buta, za ka ji kamar an lulluɓa maka bargo. Ni na fi son na hunturu. Na ga tururi yana tashi a kan ruwan da sassafe, ga hazo a saman itatuwa, yarana da sai an yi da gaske suke yarda a yi musu wanka a gida suna roƙon a ƙara musu minti biyar.

Lokacin ne kuma matan gidana suka sami nasu. Da rana, musamman Asabar da Lahadi da ranakun bukukuwa, wurin yakan cika da samari da ɗaliban makarantu, ana tsalle ana ihu. Uwargida ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Malam, ni dai a kai kasuwa." Washegari muna idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa, muka sauka mu kaɗai. Na tsaya can sama wajen matakala da babban ɗana, ita da 'yarmu suka shiga ta gefen da ruwan bai da zurfi, da dogayen riguna da wanduna a ciki da ƙananan hijabai. Ba wanda ya ce musu kanzil a kan sutura. Sun yi kusan awa guda. Wannan dama ba a samunta sai ga wanda ya kwana a sansanin, don haka nake gaya wa kowa kada ya yi wa Yankari zuwan yini. Wanda ya taso daga garin Bauchi da hantsi zai isa ne daidai lokacin cunkoso, ya juya kafin wurin ya lafa.

Akwai abin da dole mai tafiya da tsoho ya sani: daga ɗakunan kwana zuwa bakin ruwan gangara ce mai matakala da yawa. Sauka ba wuya, hawowa ce aiki. Inna tana fama da gwiwa. Mun sauka da ita a hankali, ina riƙe da hannunta, tana hutawa a kan hanya. Da muka isa na shimfiɗa mata darduma a bakin ruwa, ta naɗe zanenta zuwa ƙwauri ta tsoma ƙafafu. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ƙananan kifaye suna kewaya yatsunta. Can ta ce wa jikarta ta ɗebo mata a kwano, ta shafa a gwiwoyinta ta wanke fuska. Mutane da yawa na cewa ruwan magani ne. Abin da zan iya cewa shi ne ɗumi yana sassauta gaɓoɓi, kuma a daren ta yi barci mai daɗi, amma ƙwayoyin da likita ya rubuta mata suna cikin jakarta kuma ba mu fasa ba ta ba. Wanda tsohonsa ba ya iya hawa bene hawa biyu ko da hutawa, ya yi shawara da kyau kafin ya sa shi wannan gangara.

Zurfin ruwan ba ɗaya ba ne. Kusa da gindin dutsen, inda yake ɓulɓulowa, yana iya shanye babban mutum. Can ƙasa kuwa akwai inda bai wuce cinya ko ƙugu ba, nan ne wurin yara. Tsabtar ruwan tana ruɗin ido, sai ka ga ƙasa kamar kusa alhali da nisa. Ka fara shiga da kanka ka auna da jikinka kafin ka saki kowane yaro.

Sai maganar gwaggon biri. A sansanin Wikki tare kuke zaune da su, da mugun dawa da ke kiwo a tsakanin ɗakuna yana durƙusawa a kan gwiwoyinsa na gaba. Mugun dawan ba ruwansa da kai in ba ka matsa masa ba. Biran kuwa sun san leda, sun san kular abinci, sun san ƙofar motar da ba a kulle ba. Autarmu ta fito da burodi a hannu, kafin uwarta ta miƙe wani ƙato ya fizge ya haye rufi. Ba ta ji ciwo ba, amma ta yi kuka sosai, kuma ranar ba ta sake yarda ta fita ita kaɗai ba. Abinci a ci shi a ɗaki, a rufe taga, kada yaro ya yi yawo da komai a hannu, kada kuma a jefa musu don a ɗauki hoto, domin hakan ne ya koya musu rashin tsoron mutane tun farko.

Abin da Yankari ya fi sauran biyun da shi nesa ba kusa ba shi ne dajin kansa. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. A nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya yake. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina da kada. Ana fita kewaya da safe da kuma yamma a buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan rakiya. Ganin giwa rabo ne, mu sawunta da kashinta kawai muka gani, amma mun ga gwambaza da ɓauna sun sauko shan ruwa, kuma ɗana da ya san gwanki a karin magana kawai ya gan shi da idonsa. Da rani aka fi ganin dabbobi, daga ƙarshen Disamba zuwa Afirilu, lokacin da ciyawa ta bushe kuma ƙishirwa ta tattaro su bakin kogin Gaji. A dogon hutun makaranta na Agusta daji ya rufe, sai ka yi ta kallon ganye. Wikkin dai yana nan yadda yake.

Ga wata shawara da matanmu ya kamata su ji tun daga gida: a cikin dajin akwai ƙudan tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ke jawo shi. Yawancin abayoyi da hijaban da ake sawa a Sakkwato kuwa waɗannan launukan ne. Ranar kewaya daji a sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai kauri, da safa. Akwai kuma ƙaramin gidan tarihi a sansanin, inda yara za su ga fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, a cikin dajin kuma ga kogunan Marshall, ramukan da mutanen da can suka haƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey. Malamin makaranta zai dawo da abin ba ɗalibansa labari na zango guda.

Wahalar Yankari ga Basakkwace hanya ce. Daga Sakkwato zuwa Kano ta Gusau da Funtuwa ya haura kilomita 500. Daga Kano ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi kusan 300. Daga Bauchi ka bi hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karkata zuwa Mainamaji inda babbar ƙofa take, sannan ka yi wasu kilomita 43 a cikin daji kafin sansani. Da yara a mota wannan ba tafiyar yini ba ce, kuma kowa ya san ba a bin hanyar Zamfara da duhu. Mu mun fita bayan gari ya waye sarai, muka kwana Kano gidan 'yan'uwa, washegari muka wuce. A satin da za ka tafi ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, ka kuma kira sansanin ka ji ta bakinsu, ka tabbatar da ɗaki, ka tambayi yadda wuta da ruwan banɗaki suke a ɗakin da za a ba ka. Hanyar tana da nata ladan: tsakanin Ningi da Bauchi akwai gandun Sumu, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da ƙasar Namibiya ta bayar a 2006, a garin Bauchi kuma ga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga masar Bauchi da ba sai na yi mata talla ba. Ko'ina ka tsaya Hausa ake yi, ba ka tambayar wa ya yanka naman, ba ka neman wanda zai nuna maka alƙibla. Ga mai tafiya da tsohuwa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ikogosi wani abu ne daban. Ƙaramin gari ne a Ƙaramar Hukumar Ekiti ta Yamma, cikin tsaunuka da dogayen itatuwa irin waɗanda ba mu da su. Abin mamakinsa shi ne maɓuɓɓuga biyu ne kusa da juna, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, kowace ta gangaro da hanyarta har suka haɗu. Za ka iya tsayawa ƙafar dama a ɗumi, ta hagu a sanyi. 'Yata ta yi ta sauya ƙafa tana dariya. Mutanen garin suna da tatsuniyar cewa matan wani maharbi ne su biyu, mai zafin rai da mai sanyin hali, suka rikiɗe suka zama ruwa. Uwargida ta saurari ɗan rakiyar har ƙarshe, ta ce ashe zancen kishi ba Hausa kaɗai ya tsaya ba. Wani mai wa'azin Kirista ɗan Amurka, John McGee, shi ya fara gina sansanin matasa a wurin bayan ya ziyarce shi a shekarun 1950, daga baya gwamnati ta karɓa. A 'yan shekarun nan wani kamfani mai zaman kansa ya karɓi gudanarwa ya sabunta gine-ginen. Ruwan gorar nan mai suna Gossy ma daga garin ake yin sa.

Amma wanda ya je da tunanin Wikki a ransa zai ga bambanci. Inda ruwan biyu suka haɗu ƙorama ce ƙarama, ta tsoma ƙafa da ɗaukar hoto, ba ta ninƙaya ba. Wanka sai a tafkin siminti da aka gina aka jawo masa ruwan ɗumin, kuma tafki irin na otal ne, fili guda, maza da mata, kowa na kallon kowa. Uwargida ta ji daɗin tafiya a kan gadar katako da ta ratsa cikin kurmi, ta ji daɗin iska da kukan tsuntsaye, ta tsoma ƙafa a mahaɗar, amma tafkin ba ta shiga ba. Yara kuwa a yini na biyu sun fara tambayar sai ina. Muka kai su magangarar ruwa ta Arinta a Ipole-Iloro, ba nisa, kuma wanda ke da ƙarfin hawa zai iya ƙarawa da ta Erin-Ijesha a Jihar Osun. Duwatsun wuraren nan da santsi, da damina ma abin ya fi, ba wurin kaka ba ne.

Ta fuskar masauki da tsari, Ikogosi ya fi kama da otal na hutawa, Yankari kuwa sansanin daji ne, wanda ya je ya je ne don ruwa da dabbobi. Abinci a Ekiti sakwara ce sarauniya, kuma sun iya ta. Wanda ke da damuwa kan yanka ya tsaya a kan kifi, ko ya tambaya kai tsaye, ko ya nemi 'yan'uwanmu masu sayar da albasa da nama a Ado-Ekiti, ba za a rasa Basakkwace ko Bakabe a cikinsu ba. Hanya ta ƙasa doguwa ce ƙwarai: Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ka haye Kwara a Jebba, ka shiga Ilori, sannan ka nufi Ekiti, kana gogayya da tireloli. Ba zan ba wa mai ƙananan yara shawarar ya bi ta don hutu kawai ba. In da hali, jirgi daga filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga nan zuwa Akure, sai mota. Kuɗin kujera biyar ko shida sau biyu zuwa sau biyu dawowa kuwa, kowa ya san abin da yake nufi ga mai albashi. Ango da amarya, ko miji da matar da 'ya'yansu suka girma suna son kwana uku na shiru, su ne Ikogosi zai fi yi wa daɗi.

Wurin wasan ruwa na zamani kuma, in yara za a tambaya, shi za su zaɓa ba gardama. Dogayen bututun zamiya masu launi, ƙaton bokitin da ke cika ya kife a kan mutane, tafkin ƙanana da bai wuce gwiwa ba, ma'aikata masu usur a tsaye suna lura. Akwai irinsu a Abuja da Legas, akwai wani babba a Agbor ta Jihar Delta mai suna Park Vega. Ga mutumin Sakkwato na Abuja ne mai yiwuwa, musamman wanda ke da ɗan'uwa a can da zai sauke shi, ko wanda wata hidima ta riga ta kai shi. Ban taɓa jin ɗana ya yi irin ihun murnar da ya yi a ranar da ya fara sulalowa daga bututun nan ba, kuma ba zan rage wa abin daraja ba.

Sai dai a nan ne uwargida ta yini da jakunkuna. A wurin da muka je, ma'aikaciyar da ke bakin matakala ta ce ba a hawa da doguwar riga mai yalwa. Ta faɗa da ladabi, kuma dokar tana da dalili: yalwataccen tufafi yana iya maƙalewa, in ya jiƙe kuma yana nauyi yana naɗe ƙafa. Amma ba mu san da ita ba sai da muka biya muka shiga. 'Yarmu, wadda a lokacin ta fara zama budurwa, da ta ga an mayar da uwarta sai ita ma ta ƙi. Suka zauna a ƙarƙashin laima, kiɗa na tashi, jama'a na wucewa da kayan wankan da ba su saba gani ba. Da muka shiga mota na tambaye ta yaya, ta ce, "Tunda yara sun ji daɗi, alhamdu lillahi." Na san abin da wannan amsar take nufi. Maganin abin yana da sauƙi ga wanda ya sani tun da wuri: akwai kayan ninƙaya na mata masu rufe jiki duka, riga da wando da hula, ana samunsu a Abuja da Kano da kuma ta intanet. A kira wurin kafin a je, a tambaya ko suna karɓar irinsu, a tambaya ko suna da rana ko sa'o'in da suka keɓe wa mata, a kuma zaɓi ranar aiki da safe maimakon yammacin Lahadi ko washegarin Sallah.

Ruwan irin waɗannan wurare ba gudu yake ba, inji ke juya shi ana zuba masa sinadarin kulorin. In ana kula da shi lafiya lau ne, sai ɗan jan ido da bushewar fata. In ka ga ya yi dishi-dishi har ba ka ganin ƙasan tafkin, kada ka sa ɗanka, ko nawa ka biya. Kuma ruwan sanyi ne. A watan Maris ko Afirilu rahama ne, a Disamba kuwa yaro zai fito yana karkarwa leɓe ya yi shuɗi. Wato lokacin da Wikki ya fi daɗi shi ne lokacin da wurin wasan ya fi rashin daɗi. Daɗinsa kuma na awa huɗu ne ko biyar. Bayan nan an gaji, an ƙone da rana, sai gida. Ba abin da za a tashi tun daga Sakkwato takanas saboda shi ba ne.

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka abin da ya fi amfani shi ne sanin inda kuɗin ke tafiya. A Yankari mai ne da kwanan hanya ke cin kaso mafi girma, sai ɗaki, sai kuɗin shiga da na motar kewaya daji. Iyali biyu in suka haɗu a bas ɗaya suka raba mai, nauyin yana raguwa sosai, kuma mata sun fi sakewa in suna da 'yan'uwa a ruwan. Za ka iya tafiya da kilishinka, da garin fura, da dabino, da madara, ka rage sayen abinci. A Ikogosi jirgi da masauki ne. A wurin wasan ruwa kuɗin ƙofa ne na kowane kai, kuma da yawansu ba sa bari a shiga da abinci daga waje, sai ka saya a ciki da tsada. Mai 'ya'ya shida ya ninka kuɗin ƙofar sau takwas tukuna, ya tuna na yini ɗaya ne.

Abu guda ya haɗa duka ukun, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Yawancin yaran cikin garin Sakkwato ba su iya ruwa ba. Muna hana su zuwa gulbin Rima da Kwalkwalawa, kuma muna da hujja, saboda nitsewa da tsargiya. Sakamakon shi ne yaro ɗan shekara 10 zai isa bakin Wikki ko tafkin Abuja bai taɓa shiga ruwan da ya wuce bahon wanka ba, ga zumuɗi. Yaron da ke nitsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yadda ake zato, shiru yake yi ya tafi ƙasa, cikin ɗan lokacin da za ka duba saƙo a waya. Mai usur yana lura da yara hamsin ne, kai naka kawai kake lura da su. Ƙaramin da bai kai shekara 5 ba kada ya yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba. Ku raba aiki da baki, a ce wane kai ke da wane, in za ka tashi ka damƙa wa wani. Rigar da ke hana nitsewa, mai ɗauri a ƙirji, ta fi balan-balan ɗin hannu da ake hura wa iska, kuma gara ka saya ka tafi da ita daga gida. Kada a tura yarinya 'yar shekara 12 ta zama ita ce mai tsaron ƙannenta a ruwa yadda take yi a tsakar gida.

Ƙanena ya zo mini da wannan tambaya bayan ya kwashi adashi. Matarsa ɗaya, 'ya'ya huɗu, babbar tana aji biyu a sakandare, kuma yana son ya tafi da surukarsa. Na ce masa Yankari, a hutun Disamba ko farkon Janairu, kwana biyu a sansani, a tsakiyar mako, su sauka ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar in jama'a sun ragu. Maƙwabcina kuwa, wanda 'ya'yansa uku duk maza ne ƙanana kuma yayarsa na zaune a Kubwa, na ce ya bari sai hutun Afirilu ya kai su Abuja, ya saya wa matarsa kayan ninƙaya tun kafin su tashi. Ikogosi na ajiye wa kaina da uwargida, in Allah Ya nuna mana auren autarmu.

Da Inna ta ji ƙanena na shirin tafiya, ta aika aka kira shi. Ta ce ya sa surukarsa ta sauka matakalar a hankali, ya riƙe mata darduma, kada kuma ta sa baƙin hijabi ranar shiga daji. Sannan ta juyo wurina ta ce, "In Allah Ya kai mu ɗari, ka koma da ni. Wagga tahiya da Gwaggonka za mu, ita ma gwiwa ta dame ta."